Yadda Ƙwari Ke Yaɗa Cutar Bairas a Lambu

Cututtukan da ke kama kayan lambu sun kasu kashi-kashi. Wasu fumfuna ce ke kawo su, wasu bakteriya, wasu kuma ƙwayar cutar da ake kira bairas. Wannan kashi na uku shi ya fi wuyar sha'ani, domin da zarar ƙwayar ta shiga jikin tumatir ko tattasai ko kuɓewa, babu feshin da zai fitar da ita. Ga shi kuma ba ta zuwa lambu da ƙafarta. Ba ta tafiya, ba ta tashi sama, kuma iska ba ta kwasarta ta watsa kamar yadda take yi da ƙurar fumfuna. Ko an ɗora ta a kan lafiyayyen ganye ba za ta iya huda shi ba, saboda kowane ɗan ɗaki na jikin tsiro yana da bango mai tauri. Dole sai an sami abin da zai huda bangon ya shigar da ita. A mafi yawan lokuta ƙwaro ne ke wannan aiki, kuma galibin ƙwayoyin bairas na tsirrai da aka sani sun dogara ne ga ƙwari da makamantansu don ƙaura daga wannan tsiro zuwa wancan.

Ƙanƙantar ƙwayar ta wuce misali. Wadda ke sa ganyen taba dabbare-dabbare, wato ta farko da aka gano a duniya, sai an jera sama da 3,000 kai da kai kafin su cika milimita ɗaya. Dmitri Ivanovsky na Rasha ya lura a 1892 cewa ruwan ganyen taba mai cuta yana ci gaba da harbin lafiyayyen ganye ko bayan an tace shi da matacin da ke tare bakteriya. A 1898 Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ce wannan wani sabon nau'in abu ne dabam, amma ba a gan ta da ido ba sai a 1939, bayan an ƙera madubin da ke aiki da lantarki. Ba ta da komai a jikinta sai ɗan zaren gado da rigar furotin da ta lulluɓe shi. Idan ta shiga tsiro sai ta tilasta masa ya bar aikin gabansa ya koma buga mata kwafi, daga nan ta bi jijiyoyinsa ta game shi tun daga saiwa har toho. Shi ya sa ake ganin tsiro ya tsumbure, ganye ya nannaɗe ko ya yi rawaya, fure ya kakkaɓe.

Ƙwarin da suka fi ƙwarewa a wannan dako su ne masu tsotso, ba masu tauna ba. Fara da tsutsa suna yayyaga ganye, ɗakunan da suka ciza su mutu nan take, ƙwayar cutar kuwa ba ta rayuwa a mataccen wuri. Mai tsotso yana da baki siriri, bai kai kaurin gashin kai ba, yana zura shi a hankali ta tsakanin ɗakunan ganye, ya huda ba tare da ya kashe ba. A cikin bakin akwai hanya biyu, ɗaya ta zuƙo ruwan tsiro, ɗaya ta tura miyau. Lamarin ya yi kama da allurar da aka yi wa majiyyaci sannan aka soka wa mai lafiya ba a wanke ba. A lambunan ƙasar Hausa ƙwari uku ne ke kan gaba: darɓa, farin ƙuda, da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu siririn jiki da ke ɓuya cikin fure da kuma tsakanin ganyen albasa, waɗanda masana ke kira tirifs.

Darɓa ita ce uwar dako. Duk mai lambu ya san ta: ƙananan ƙwari masu taushin jiki, kore ko baƙi, da ke cunkushewa a ƙarƙashin ganye da kan sabon toho, suna fitar da wani ruwa mai danƙo da zaƙi wanda ke jawo tururuwa, daga baya ya yi baƙi kamar kunkunniya. A ƙasashe masu zafi mace ba ta buƙatar namiji, haihuwa take yi kai tsaye ba ƙwai ba, kuma 'yar da ta haifa takan fara tata haihuwar cikin mako guda ko fiye kaɗan. Idan wuri ya cika ko tsiron ya tsufa, sai a fara haifar masu fukafukai, su tashi neman sabon mazauni. Waɗannan masu fukafukan su ne masifar. Nau'i ɗaya kaɗai, wanda masana ke kira Myzus persicae, an tabbatar yana iya ɗaukar ƙwayoyin bairas sama da 100.

Yadda darɓa ke neman abinci shi ne tushen matsalar. Ba ta gane tsiro daga nesa sosai, launi kawai ke janyo ta, musamman rawaya da kore mai haske. Idan ta sauka sai ta ɗanɗana. Ta soka bakinta a fatar ganye na 'yan daƙiƙoƙi, ta tofa ɗan miyau, ta zuƙo ɗan ruwa. In bai yi mata ba ta tashi ta sauka a na gaba ta sake ɗanɗanawa. A cikin wannan ɗanɗano na ƙasa da minti ɗaya, ƙwayar cutar takan manne a can ƙarshen bakin, daidai inda hanyar miyau da ta abinci suka haɗu. Da ta sake soka bakin a wani tsiro, miyau ya wanke ƙwayar ya zuba ta ciki. Shi ke nan, cuta ta shiga. Ƙwayar ba ta daɗewa a bakin. Bayan 'yan mintoci ko awoyi kaɗan, ko bayan soka biyu ko uku, ta ƙare. Masu bincike biyu a cibiyar Rothamsted ta Ingila, Watson da Roberts, su suka bambanta wannan hanya da sauran a 1939, suka kasa ƙwayoyin zuwa masu daɗewa a jikin ƙwaro da marasa daɗewa.

Ta wannan gajeriyar hanya ake yaɗa yawancin cututtukan dabbare-dabbare na kayan lambu. Akwai ta kokwamba, wadda duk da sunanta tana kama tsirrai sama da iri 1,000, har da tumatir da barkono da alayyafo da wake. Akwai masu kama kankana da kabewa da guna, su sa ganye ya yi ƙuraje, 'ya'yan su fito a murɗe da kumburi-kumburi, ba mai saye a kasuwa. Akwai wadda ke sa jijiyoyin ganyen tattasai da attarugu su yi duhu, ganyen ya ƙanƙance, wadda aka fara bayyanawa a Gana a 1971 kuma ta zama ruwan dare a Afirka ta Yamma. Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, darɓar da ke yaɗa waɗannan cututtuka sau da yawa ba ita ce ake gani zaune a lambun ba. Baƙuwa ce mai wucewa, wataƙila daga gonar wake ko daga ciyawar bakin rafi ta taso, ta ɗanɗana tattasai ta ga ba abincinta ba ne ta yi gaba. Mai lambu zai iya duba ganye ɗaya bayan ɗaya bai ga ƙwaro ko guda ba, alhali rabin kwamin ya riga ya harbu.

Farin ƙuda hanyarsa dabam ce, kuma shi ne babban abokin gabar mai tumatir. Ba ƙuda ba ne na gaskiya, ɗan'uwan darɓa ne. Tsawonsa kamar milimita ɗaya, fukafukansa kamar an barbaɗa musu gari. In aka girgiza tsiron tumatir ko auduga da rana sai a ga sun tashi fari fat, su yi 'yar kewaya su koma ƙarƙashin ganye. A can suke ƙwai, a can 'ya'yansu ke manne kamar ɓawo ba sa motsi, kuma idan da zafi, cikin mako uku ƙwai ya zama babba. Sunansa a wurin masana Bemisia tabaci, kuma a ƙasar Girka aka fara bayyana shi a 1889, a kan ganyen taba.

Shi farin ƙuda ba ɗanɗano yake yi ya wuce ba. Sai ya zauna ya tura bakinsa har cikin jijiyar da ke rarraba abinci a jikin tsiro, inda ƙwayar cutar nannaɗewar ganyen tumatir ke zama. Yana buƙatar aƙalla minti 15 zuwa 30 yana sha kafin ya ɗauka. Ƙwayar ta bi abinci zuwa hanjinsa, ta keta bangon hanji ta faɗa ruwan jikinsa, ta yi ta yawo har ta isa inda ake haɗa miyau. Wannan tafiya tana cin awa takwas zuwa kwana guda, kuma kafin ta kammala ƙwaron ba ya harbin komai. Bayan nan kuwa ya zama madugun cuta na tsawon makonni, sau da yawa har ya mutu. Ƙwaro guda na iya harbin tsiro bayan tsiro.

Alamun ba sa fitowa sai bayan mako biyu zuwa uku. Sabon ganye ya fito ƙarami, gefensa ya yi rawaya ya lanƙwaso sama kamar ludayi, gaɓoɓin kara su matse da juna, tsiron ya tsaya cak a cunkushe. Fure yana fitowa amma ba ya kamawa. Tsiron da ya harbu yana ƙarami, tun a wurin renon iri ko jim kaɗan bayan dashe, da wuya ya ba da ko tumatir ɗaya na kirki. Wanda ya harbu bayan ya ɗauki 'ya'ya yakan nuna abin da ya riga ya ɗauka. Wannan jinkiri na alamu yana ruɗar manoma ƙwarai. Mutum ya sayi dashe mai kyan gani, kore shar, ya dasa, ya yi ban ruwa, ya sa taki, sai bayan kwana ashirin ya ga lambu ya nannaɗe. Ya zargi ƙasa, ko taki, ko sanyi, ko mai sayar da iri, alhali tun a gadon reno aka gama da shi.

A kwarin Urdun aka fara lura da wannan cuta ta tumatir wajajen 1940, kuma a 1964 masu bincike a Isra'ila suka tabbatar bairas ce da farin ƙuda ke ɗauka. Daga Gabas ta Tsakiya ta bazu, ta isa Jamhuriyar Dominika a farkon shekarun 1990 inda ta durƙusar da masana'antar tumatirin gwangwani, ta shiga Florida ta Amurka a 1997. Abin da ya taimaka mata shi ne wani nau'in farin ƙuda mai yawan haihuwa da cin kowane irin tsiro, wanda ya bi cinikin furanni da dashe ya game duniya daga shekarun 1980. Afirka ta Yamma kuwa ba sai an kawo mata ba, tana da nata 'yan gida na dangin wannan ƙwayar cuta, waɗanda aka raɗa wa sunayen ƙasashen da aka gano su, irin su Mali da Gana da Nijeriya. Dangin ba baƙo ba ne a nan ko kaɗan: a Nijeriya aka fara rubuta labarin nannaɗewar ganyen auduga a 1912, sannan a gonakin Jazira na Sudan aka tabbatar, wajajen 1930, cewa farin ƙuda ne ke yaɗa ta. Wannan ƙwayar ta Jazira an same ta a kuɓewar Nijar da Burkina Faso tana nannaɗe mata ganye.

Ana yawan haɗa wannan cuta da sharon, wato tsutsar da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da maƙwabtansu a 2016. Ba ɗaya ba ne. Sharon tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi ce, tana haƙa rami cikin ganye da ɗan tumatir, ana ganinta, ana ganin ɓarnarta. Cutar nannaɗewa ba ta barin rami ko tsutsa, ganyen yana nan lafiya ƙalau a fata sai dai ya murɗe.

Tirifs suna da wani sharaɗi da babu irinsa a sauran. Cutar da suka fi shahara da ita tana sa ganyen tumatir ya yi ɗigo-ɗigo ruwan tagulla, toho ya bushe, 'ya'yan su yi zobe-zobe masu launi dabam. A Ostareliya aka fara ganinta a 1915. Ƙwaron ba ya iya zama mai yaɗa ta sai in ya sha ta yana ɗan tsako, jim kaɗan bayan ƙyanƙyasa. Wanda ya girma kafin ya sha, ko ya cika cikinsa da ita ba zai harbi komai ba. Amma wanda ya sha tun yana ƙarami, ƙwayar takan hayayyafa a cikin jikinsa, ta bi shi har ya yi fukafukai, ya yi ta rabawa iya rayuwarsa. Ma'anar wannan a aikace ita ce, cutar ba ta tasowa sai daga tsiron da ke ɗauke da ita kuma ƙwaron yake ƙwai a kansa, ko amfanin gona ne ko ciyawa. Wata 'yar'uwar wannan ƙwaya tana kama albasa ta bakin tirifs ɗin da ke sa ganyenta ya yi fari-fari lokacin zafi.

Masu tauna ma ba a rasa nasu ba. 'Yan ƙananan ƙwarin nan masu taurin baya da tsalle, waɗanda ke mayar da ganyen kuɓewa kamar rariya, suna ɗaukar cutar dabbare-dabbaren kuɓewa, wadda aka fara bayyanawa a Kwaddibuwa a farkon shekarun 1970 kuma ta yaɗu a Nijeriya. Sannan akwai 'yan tsirarun ƙwayoyi da ba ruwansu da ƙwari sam, irin ta taba da danginta masu kama tumatir. Waɗannan hannun mutum ne ke kai su, da wuƙa, da igiyar ɗaure tsiro, har da garin taba da ya manne a yatsa.

Wani abin mamaki da bincike ya gano shi ne, ƙwayar cutar tana juya tsiro ya yi mata talla. Ganyen da ya harbu yakan yi rawaya, rawaya kuwa shi ne launin da darɓa da farin ƙuda suka fi so. A 2010 masu bincike a jami'ar jihar Pensilbaniya ta Amurka suka nuna cewa kabewar da ke ɗauke da cutar kokwamba tana ƙara fitar da ƙamshin da ke jawo darɓa, amma in darɓar ta sauka ta ɗanɗana sai ta tarar abincin ba daɗi, ta tashi da sauri. Hakan kuwa shi ne daidai abin da ƙwayar ke buƙata, tunda ba ta daɗewa a baki. Su kuma ƙwayoyin da ke buƙatar dogon sha, sau da yawa sukan sa tsiron ya ƙara yi wa ƙwaron daɗin zama.

Tambayar da ta rage ita ce inda cutar ke kwana idan babu amfani a lambu. Yawancin ƙwayoyin ba sa rayuwa a busasshiyar ƙasa, sai a jikin abu mai rai. Wasu suna ɓuya cikin iri, kamar ta latas da wasu na wake. Tsiro ɗaya cikin dubu ya fito da ita, darɓa ta raba wa saura. Saboda haka ne masu noman latas a Kalifoniya suka kafa dokar cewa ba a sayar da iri sai an gwada ƙwaya 30,000 ba a sami ko ɗaya mai cuta ba. Abubuwan da ake dasawa daga jikinsu, kamar dankalin turawa da tafarnuwa, suna tafe da cutar uwarsu kakaf, shi ya sa dankalin da ake ta maimaita irinsa shekara da shekaru yake raguwa a girma da yawa. Wasu kuma suna fakewa a ciyayi, kamar dangin zaƙami, da tsiron da ya fito da kansa a gefen gona. Amma babbar maɓoya ita ce tsohon lambun da aka gama tsinka aka bar shi tsaye. A can farin ƙuda ke cika, kusan kowanne da cuta a jikinsa, kuma ranar da aka daina ban ruwa tsirran suka fara bushewa, sai su tashi gaba ɗaya su bi iska su faɗa sabon dashen maƙwabci.

A nan noman rani ya sauya lissafi. A da, dogon rani shi ke yanke wa ƙwari da cuta hanya, domin watanni sukan wuce ba ɗanyen ganye sai a 'yan fadamu. Bayan an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka shimfiɗa hanyoyin ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da kuma shigowar injin ban ruwa kusan kowace fadama, sai ya zama ana samun tumatir ko tattasai ko kuɓewa a ƙasa kusan duk shekara. Wannan alheri ne babba ga mutane, kuma alheri ne ga farin ƙuda. Ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe shi, sanyin hunturu yana rage masa haihuwa, amma da zafin bazara ya kama sai ya yi ta ninkuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa dashen da ya riski sanyi ya fi tsira a kan na makara. Irin ɓarnar da ƙwaro mai dakon cuta zai iya yi idan yanayi ya ba shi dama, Arewa ta taɓa ganinta da idonta, ko da yake a gyaɗa ne ba a lambu ba: a 1975 darɓa ta watsa kuturtar gyaɗa a kimanin hekta 700,000, hasarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250.

Sanin hanyar da ƙwaro ke bi shi ke nuna abin da zai yi aiki da wanda ɓarnar kuɗi ne kawai. Abu na farko da hannun mai lambu ke kaiwa shi ne feshi, kuma a kan cututtukan da darɓa ke yaɗawa ta ɗanɗano, feshi kusan ba ya tsinana komai. Magani yana buƙatar mintoci ko awoyi kafin ya kashe, darɓa kuwa ta gama aikinta cikin daƙiƙoƙi. Wasu magungunan ma firgita ta suke yi, ta riƙa tsalle daga tsiro zuwa tsiro tana soka baki, cutar ta ƙara yaɗuwa. A kan farin ƙuda feshi yana da ɗan amfani, tunda shi sai ya zauna ya daɗe yana sha, amma ya yi suna wajen sabawa da magani, kuma yawan feshi yana kashe maƙiyansa, irin su jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da 'yan ƙananan zanzaro da ke ƙwai a jikin 'ya'yansa. Abin takaici ne a ga manomi ya ci bashi yana feshi duk bayan kwana uku a kan tumatirin da ya riga ya nannaɗe. Ko ya kashe ƙwarin duka, tsiron ba zai warke ba, sai dai ya ƙara wa masu ci guba a miya. Ruwan 'ya'yan darbejiya da man feshi mai sauƙi suna rage wa ƙwari sha'awar zama da tsotso, kuma ba sa yi wa maƙiyan ƙwarin illa sosai, amma su ma rigakafi ne.

Inda ƙoƙari ya fi biya shi ne gadon reno. Wuri ne ƙarami, ana iya rufe shi ruf da raga har tsawon mako huɗu ko biyar da iri ke yi kafin dashe, kuma waɗannan makonni su ne mafi haɗari a rayuwar tsiron. Sai dai ragar ta zama mai ƙananan ido, wadda ke da huda kamar 50 a tsawon inci guda. Gidan sauro na kwana yana iya tare manyan ƙwari, amma farin ƙuda da tirifs ratsa shi suke yi. Ya kamata kuma gadon ya yi nesa da tsohon lambu, kuma kada ya kasance a ɓangaren da iska ke kaɗowa daga can. Bayan dashe, shimfiɗa leda mai sheƙi ko busasshiyar ciyawa mai haske a ƙasa yana ruɗar ƙwarin da ke neman sauka, muddin ganye bai rufe ƙasar ba. Kewaye lambu da layukan masara ko dawa yana taimakawa a kan darɓa ta hanya mai ban sha'awa: baƙuwar ta fara sauka a kan dawar, ta ɗanɗana, ta zubar da abin da ke bakinta a tsiron da cutar ba ta kamawa. Allon rawaya da aka shafa wa danƙo ba ya ƙarar da ƙwari, amfaninsa shi ne ya sanar da ranar da suka fara isowa. Tsiron da ya fara nuna alama kuwa a tuge shi da wuri, a rufa masa buhu kafin a girgiza shi don kada ƙwarin da ke kansa su watse, a binne ko a ƙone.

Duk waɗannan mutum ɗaya zai iya yi a lambunsa. Akwai matakin da ya fi su ƙarfi, amma sai an haɗa kai. Shi ne a ware wani lokaci a shekara da ba wanda zai bar tumatir ko tattasai a ƙasa a duk yankin, a tuge tsofaffi, a share waɗanda suka fito da kansu. Farin ƙuda ba ya wuce 'yan makonni a duniya. Idan masu ɗauke da cuta suka mutu, kuma 'ya'yansu ba su sami tsiro mai cuta da za su sha ba, sabon dashe zai fara da tsabta. Jamhuriyar Dominika ta kafa irin wannan hutu na wata uku a yankunan tumatirinta, aka haɗa da iri mai juriya, noman ya farfaɗo. A kusa da gida, manoman Baginda, wani yankin ban ruwa da ke gab da Bamako, sun kusa daina tumatir saboda wannan cuta, sai a tsakiyar shekarun 2000 suka amince da hutun wata biyu ba tumatir ba barkono, amfanin ya dawo. Wahalar tsarin a fili take: lokacin da kowa ya tsaya shi ne lokacin da kwandon tumatir ya fi tsada, kuma lambu ɗaya da aka bari tsaye ya isa ya ɓata wa gari. Ba ya yiwuwa sai da bakin sarkin noma da masu unguwanni da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa.

Sai kuma iri mai juriya. Tumatirin da ake nomawa ba shi da kariya daga cutar nannaɗewa, amma danginsa na daji a ƙasashen Peru da Chile suna da ita, kuma daga jikinsu aka ɗauko halayen gado da ake kira Ty-1 da Ty-2 da sauransu aka saka a irin zamani. Haka aka samo Sw-5 don cutar da tirifs ke yaɗawa. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan, wadda ke da reshe a Mali, ta fitar da ire-iren tumatir masu waɗannan halaye, kuma kamfanonin iri sukan rubuta a jikin gwangwani ko fakiti cututtukan da irin ke jurewa. A Nijeriya, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da cibiyar binciken kayan lambu ta Ibadan, mai reshe a Bagauda, suna aiki a wannan fanni. Samaru ce ta fitar da ire-iren gyaɗar SAMNUT masu jure kuturta. Sai dai juriya ba ta nufin cutar ba ta shiga. Sau da yawa tsiron yana ɗauke da ƙwayar kaɗan-kaɗan ba tare da ya nuna ba, kuma ƙwaro zai iya sha daga gare shi ya kai wa irin gargajiya da ke kusa. Irin da ya jure ƙwayar Gabas ta Tsakiya ba lalle ne ya jure ta Afirka ta Yamma ba, sai an gwada shi a nan. Idan kuma irin aure ne, 'ya'yan da aka cire daga tumatirinsa aka shanya don baɗi ba za su fito da juriya iri ɗaya ba. Ƙwayoyin ma suna sauyawa: idan biyu suka haɗu a tsiro ɗaya sukan yi musayar sassan gado su haifar da sabuwa, kuma a Sifen da Italiya an riga an sami nau'in cutar tirifs da ke karya kariyar Sw-5.